Yadda baƙon ɗalibi zai san Katsina da ƙafarshi, ya fara gina aikin muhalli tun yana aji ɗaya

Duk shekara in sababbin ɗalibai suka shigo sai na samu mutum biyu ko uku, yawanci 'yan Bayoloji ko Jogirafi, wasu daga Kano wasu daga Zariya ko Funtuwa, su tare ni su ce su fa aikin muhalli suke so su yi in sun gama, to ta ina ake farawa? Amsata ɗaya ce kullum, ta garin da kake ciki. Ni ma baƙo na zo Katsina karatu, zagayen nan da zan bayyana na yi shi ni kaɗai na kuma yi shi da ɗalibai sau ba adadi, ko a Jami'ar Umaru Musa Yar'adua kake ko Al-Qalam ko Hassan Usman Poli ko FCE duk tafiyar ɗaya ce. Ikoloji dai nazarin yadda mai rai yake zama da ɗan'uwanshi mai rai ne da kuma wurin da suke zaune, ƙasa da ruwa da iska, kuma wanda bai taɓa bin wuri ɗaya yana kallonshi rani da damina ba wallahi bai fara ba tukuna ko da makinshi ya kai ina.

Kayan da za ka tanada

Littafi mai bango mai ƙarfi wanda zai shiga aljihu ko jaka, da fensir guda biyu. Fensir na ce ba biro ba, don zufa ko yayyafi in suka taɓa tawada shafin ya tafi. Sai tef ɗin awo irin na tela, mai santimita 150, ana samunshi a babbar kasuwa wajen masu kayan ɗinki. Igiya mai tsawon mita 10 da ka ƙulla mata ƙulli a kowace mita. Tsofaffin jaridu da kwali guda biyu. Gwangwani mai miƙaƙƙen jiki wanda bakinshi da gindinshi faɗi ɗaya ne, da rula. Waya mai GPS da kyamara, da pawa banki in kana da hali. Hula, rufaffen takalmi saboda ƙaya da kunama, gorar ruwa. Sai abu biyu da ɗalibai suka fi rainawa kuma su suka fi komai, katin shaidarka na makaranta da takarda daga sashenku mai hatimi da ke cewa kai ɗalibi ne kana nazari.

Madubin hangen nesa yana da tsada, kar rashinshi ya tsayar da kai. Tambaya a sashenku ko akwai na aro, in babu ido da kunne sun isa shekarar farko. In babu tef, auna igiya da rula ka yi mata alama. In wayarka ba ta da GPS, rubuta kwatance yadda wani zai iya zuwa, misali bayan masallacin kaza, taku 40 gabas da famfon tuƙa-tuƙa.

1. Sati biyun farko, koyi gari ta ƙofofinshi

Katsina birni ne mai ganuwa, in ka riƙe ƙofofi ka riƙe gari. Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar Marusa, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Sauri, Ƙofar Guga, Ƙofar 'Yanɗaka, sai Ƙofar Soro a tsakiya wajen gidan Sarki. Kowace Asabar da safe ɗauki biyu, hau napep ya sauke ka a ɗaya ka taka da ƙafa zuwa ta gaba. Kar ka auna komai a wannan matakin, kallo kawai za ka yi kana rubutawa: ina inuwa take ina babu, ina kwata take bi, ina aka tara bola, ina ragowar ganuwa ta tsaya ina ta zube aka gina gidaje a kai. Ka je Hasumiyar Gobarau, wadda ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau, in mai kula da wurin ya yarda ka hau to ka hau, daga sama za ka ga inda gari ya yi kore da inda ya zama kwano zalla. Da dare zana taswirar abin da ka gani da hannunka kafin ka buɗe Google Maps ka gwada. Wanda ya fara da waya ba ya riƙe hanya, na gwada wannan da ɗalibai da yawa.

'Yan mata, ku tafi biyu ko uku, ku fita da sassafe ku dawo kafin azahar. Ɗalibai mata da na yi aiki da su sun fi maza samun labari ma, don suna shiga cikin gida su ga itacen tsakar gida da murhu da rijiya, namiji kuwa iyakarshi zaure.

2. Zaɓi wuri uku ka tsaya a kansu

Babban kuskuren sabon shiga shi ne yau nan gobe can, ya tara hotuna ɗari biyar babu abin da za a kwatanta da wani. Wuri uku sun isa, amma su bambanta. Ɗaya cikin birni mai tsofaffin itatuwa ko kududdufi. Ɗaya mai ruwa, ni na fi tura mutane lambunan da ke wajen Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi inda ake noman rani da ruwan da ke fitowa daga cikin gari. Na uku gona ko fili a gefen makarantarku wanda za ka iya zuwa ko ranar lacca. Kowane wuri ba shi suna da lamba, ɗauki GPS ɗinshi, ka tsaya a tabo ɗaya ka ɗauki hoto gabas, yamma, kudu, arewa. Wannan hoto huɗun za ka maimaita duk wata daga tabon nan dai, kar ka matsa.

3. Nemi izini kafin ka fito da littafi

Wannan matakin in ka tsallake shi duk sauran sun lalace. Halin tsaron da jihar ke ciki ya sa mutane na zargin baƙon da ya zo yana rubuce-rubuce yana ɗaukar hoto, kuma suna da gaskiya. Fara da mai unguwa, ka je da takardarka, ka cire takalmi ka durƙusa ka gaishe shi yadda ya kamata, ranka ya daɗe ni ɗalibi ne daga makaranta kaza, itatuwa da tsuntsaye nake nazari, na zo neman izini. Sau da yawa shi zai haɗa ka da yaro ya raka ka. A lambu kuma nemi dattijon wurin, sannu da aiki Baba, Allah ya ba da yabanya, sai ka jira ya tambaye ka abin da ya kawo ka. Kar ka taka kunya ko fangali, kar ka tsinki ko ganye ɗaya sai ka tambaya. Kar ka ɗauki hoton mutum, musamman mace, sai da yardarshi. Bariki, shingen jami'an tsaro, filin jirgi, gidan gwamnati, wayarka ta zauna aljihu. Kuma kar ka yi wa kowa alkawarin taki ko tallafi don a saki jiki da kai, ba ka da shi, kuma ɗalibin da zai zo bayanka shi zai biya bashin.

4. Itatuwa, suna tukuna sannan awo

Nan ne ainihin aikin kuma nan nake so ka daɗe. Fara da sunan Hausa daga bakin mutanen wurin, sannan ka nemo na kimiyya. Ka sani suna yana canzawa daga gari zuwa gari, itacen da Bakano ke ce wa darbejiya wani ya ce dogon yaro, a nan za ka ji ana ce mata bedi, duk Azadirachta indica ce, asalinta daga yankin Indiya, kuma za ka ga ita ta cika titunan gari. Shi ya sa nake cewa ka raba shafinka biyu, na gida da na baƙi. Na gida su ne kuka, tsamiya, aduwa, kurna, magarya, goruba, kanya, ɗorawa, marke, bagaruwa, gawo, sai ƙanana irin su sabara da kalgo da geza. Baƙi su ne bedi, turare, mangwaro da sauransu.

Yadda ake ƙirga su: auna takunka tukuna, shimfiɗa igiyarka sau biyar ya zama mita 50, taka shi sau uku da tafiyarka ta kullum kana ƙirga taku, ka ɗauki matsakaici, wannan adadin sau goma shi ne mita 500. Yanzu ka bi miƙaƙƙen layi na mita 500 ka rubuta duk itacen da ke cikin mita 10 a damanka da mita 10 a hagunka. Mita 500 sau 20 ya ba ka murabba'in mita 10,000, hekta ɗaya cif, kenan abin da ka ƙirga shi ne yawan itace a hekta. Kowane itace ka zagaya tef a jikinshi a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, wajen ƙirjin babban mutum, abin da ka samu ka raba da 3.14 ya ba ka kaurinshi, misali santimita 157 ya zama 50. Ka auna mita 1.3 a jikinka sau ɗaya ka san inda ya tsaya maka a riga. Kuskuren da aka fi yi shi ne awo a gindi inda itace ya buɗe, ko tef ya karkace. In itacen ya rabu biyu ƙasa da tsayin nan auna kowane reshe daban. Kuka kuwa tef ɗin tela ba zai zagaye ta ba, sa igiya sannan ka auna igiyar.

Tsayi kuma, samu sanda mai tsawon hannunka daga ido zuwa tafin hannu, riƙe ta a tsaye ka miƙe hannu, ja da baya har kan sanda ya daidaita da ƙololuwar itace, hannunka kuma da gindinshi, nisan da ke tsakaninka da itacen shi ne kusan tsayinshi.

Abin da ba na so ka manta, ƙirga 'ya'ya. Rubuta ƙananan da ba su kai ƙugu ba, da kututturen da aka sare, da wanda aka yi wa sassaƙe don magani. In ka ga kuka goma manya babu ƙarama ko ɗaya to wannan bayani ne babba, yana nufin in waɗannan suka faɗi shi kenan. Ni abin da ya sa na tsaya a fannin nan kenan, ranar da na gama layi ɗaya a wata gona na duba littafina na ga duk tsamiya da kanyar da na rubuta sun girmi mahaifina, ƙanana kuwa bedi ce kawai. Har yau abin yana damuna.

Ka sa wa gawo ido na musamman, Faidherbia albida, shi ne mai yin saɓanin sauran, da damina ya zubar da ganye, da rani ya yi kore. Don haka ba ya tare wa gero rana, ganyenshi taki ne, 'ya'yanshi abincin dabbobi ne lokacin da ciyawa ta ƙare. Tambayi manomi ya nuna maka yadda hatsi yake yi a ƙarƙashinshi. Maƙwabtanmu na Maraɗi a kan irin wannan suka gina abin da suke kira sassaben zamani tun shekarun 1980, lokacin da wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, yake aiki da manoman can, maimakon a tumɓuke tohon da ke fitowa daga kututture sai a bar guda biyu zuwa biyar masu ƙarfi a rage sauran, ana ƙiyasin ƙasar da ta farfaɗo ta haka a Nijar ta kai hekta miliyan 5.

5. Wanda ba ka gane ba, busar da shi

Yanki reshe kamar tsawon tafin hannu da rabi, mai ganye, in da fure ko ɗa ya fi. Shimfiɗa shi cikin jarida, juya ganye ɗaya ko biyu bayansu ya kalli sama, sa kwali sama da ƙasa ka danne da manyan littattafai ko bulo. Canza jaridar kullum kwana uku na farko, da damina har sati, in ba haka ba ya yi funfuna ya baƙe. Kar ka bar shi cikin leda ya kwana. Rubuta lamba a jaridar, lambar nan ita ce a littafinka tare da rana da wuri da sunan da aka faɗa maka, ganye marar lamba shara ne. Kai wa malamin tsirrai na sashenku, ko ka sa hoton a iNaturalist, manhajar gane tsirrai da dabbobi, amma abin da manhaja ta ce ka ɗauke shi shawara ce har sai mutum ya tabbatar. Masu sai da maganin gargajiya a kasuwa ma suna gane itace ta ɓawo kawai, sai ɗan abu a hannunsu sannan ka yi tambaya.

6. Tsuntsaye

Je wurinka bayan asuba da gari ya waye, kafin ƙarfe 9. Tsaya tabo ɗaya, yi shiru minti biyu, sannan ka ƙirga duk wanda ka gani ko ka ji na minti 10 cif. Fara da waɗanda ka sani, balbela, hankaka, kurciya, shirwa, zalɓe, cilakowa, tsattsewa. Wanda ba ka sani ba rubuta girmanshi in an gwada da kurciya, siffar baki, launi, da abin da yake yi. Kar ka cika suna da zato, rubuta ban gane ba ya fi. Rubuta ranar da ka fara ganin shamuwa kowace shekara don zuwanta alamar damina ce, da hunturu kuma za ka ga baƙi da suka taso daga Turai. In ka ga ungulu rubuta adadi da wuri, tun 2015 aka sa irin tamu ta cikin gari a jerin waɗanda ke dab da ƙarewa, tambayi tsofaffin mahauta yadda mayanka take da su a da. In ka ɗan ƙware sa BirdLasser, manhajar rubuta tsuntsayen da ka gani, a waya ka shiga aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, ana aiki ne a murabba'i mai kusan kilomita 9 kowane gefe, aƙalla awa biyu, kuma sunanka na shiga cikin masu ba da bayanai.

7. Ruwa

Ɗaure gwangwaninka a kan turke a fili nesa da bango da itace. Kullum da safe lokaci ɗaya sa rula ka auna zurfin ruwan da milimita, rubuta, zubar. Ranar da ba a yi ruwa ba rubuta 0, kar ka bar wurin fanko. Milimita 1 na nufin lita 1 a kowane murabba'in mita. Washegarin babban ruwa ka zagaya ka ga inda ya kwanta. Kududdufan cikin birni ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne tun da, su ke shanye ruwan damina, in aka cike su da bola aka yi gini a kai ruwan sai ya nemi gidajen mutane, ka tambayi dattawa waɗanda aka cike ka sa su a taswirarka. A lambu rubuta launi da warin ruwan da abin da ake shukawa, amma kar ka sa hannu tsirara a ciki, kuma kar ka je kana gaya wa manomi ruwanshi guba ne alhali ba ka kai shi lab ba.

8. Kwashe littafi duk ranar Lahadi

Ɗauki hoton kowane shafi, sannan ka shigar a Excel ko Google Sheets, layi ɗaya abu ɗaya: rana, wuri, suna, adadi, awo. In ba ka da kwamfuta waya na yi, ko ɗakin kwamfuta na makaranta. Na taɓa rasa aikin wata huɗu don jakata ta ɓace a mota kuma ban kwafe ba, ba na so wani ya ɗanɗani wannan. Buɗe Google Earth a kwamfuta ka ja hoton wurarenka baya shekaru ka ga gonakin da suka zama unguwa. Daga aji biyu fara koyon QGIS, manhajar haɗa taswira, kyauta ce, sai R ta lissafin bayanai in ka samu mai nuna maka.

9. Fita wajen gari

Sai bayan zango ɗaya, kuma da sanin malaminka. Daura na da kusan kilomita 80, ka ga rijiyar Kusugu ka kuma yi layin itatuwa ɗaya a gonakin hanya ka gwada da na Katsina. Dam ɗin Ajiwa a Batagarawa, inda gari ke samun ruwan famfo, wurin tsuntsayen ruwa ne amma da takardar izini ake zuwa. Dajin Rugu da ƙauyukan da ke kewaye da shi kuwa kar ka je, ko wa ya ce zai raka ka, babu bayanin da ya kai ranka. Kullum ka bar wa wani sunan inda za ka da lokacin dawowa.

10. Mai da littafin ya zama hanyar aiki

Kafin lokacin SIWES, wato horon aiki da ake tura ɗalibai ma'aikatu, ya zo ka riga ka san inda kake so. Akwai Ma'aikatar Muhalli ta jiha da sashen gandun daji da wuraren renon itace. Akwai hukumar Great Green Wall, ta shirin shuka itatuwa don tare hamada, da aka kafa da doka a 2015, Katsina na cikin jihohi 11 da take aiki, shirin kanshi Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Akwai ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace, na Bankin Duniya, dala miliyan 700 na jihohin Arewa 19 da Abuja. Akwai NESREA mai sa ido kan dokokin muhalli, da FRIN ta binciken gandun daji mai hedikwata a Ibadan, da NCF, ƙungiya mai zaman kanta ta kare halittu. Mai son tsuntsaye ya sa ido kan APLORI, cibiyar binciken tsuntsaye a Jos, suna digiri na biyu kan kare halittu tare da Jami'ar Jos. Ka zaɓi wurin da za a fita da kai fili ko da babu alawus, ya fi ofis mai fanka da za ka yi wata shida kana sa hannu a rajista.

Ƙarshen shekarar farko ka haɗa shafi biyu kacal, taswirar wurarenka uku, jadawalin itatuwa manya da ƙanana, jerin tsuntsaye, ruwan da ka auna, da hoto huɗu na tabo ɗaya a Janairu da Afrilu da Agusta da Oktoba. Ka buga kwafi biyu, ka duba cikin malamanku wanda ka ga yana fita fili da ɗalibai, ka same shi lokacin da ba ya sauri ka ce Malam ga ɗan abin da na tara, ina so a duba mani inda na yi kuskure, kuma in za a fita aiki ina so in riƙe tef. Ka bar mashi kwafi ɗaya, ka rubuta ranar a littafinka, bayan sati biyu ka koma.